Ranar Da Na Soya Salansa Da Man Shanu

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko da ni na so in manta, 'yan majalisarmu ta bakin kasuwar Azare ba za su bari ba. Shi ya sa na ga gara in ba da labarin da bakina, domin su in sun tashi bayarwa gishirin da suke ƙarawa ya yi yawa. Akwai ma wanda yake rantsuwa wai sai da aka kira motar kashe gobara. Ba a kira ba.

Sana'ata sayar da agogo da tabarau ce. Wanda ya san wannan sana'a ya san rabinta goge-goge ne. Tun safe tsumma yana hannuna, in hura wa gilashi iska in goge, in ɗaga shi sama in duba, in sake gogewa. Abin ya bi jikina har ya zama ciwo. Ko kofin shayi aka miƙo mini da shatin yatsa a jiki, sai na share shi da bakin riga kafin in kai baki. To ka ɗauki mutum irin wannan, Allah ya hore masa sabon mashin dal, ja, mai salansa fara tas wadda za ka iya gyara zaman hularka a jikinta.

Gab da ƙaramar sallah na fitar da shi. Kamar kowa a garin nan, ban cire ledar kujera ba, ban cire ta madubi ba, domin in ka cire wa zai san sabo ne? Duk inda na ajiye shi sai na yi taku kaɗan in waigo. (Na taɓa idar da sallah a masallacin kasuwa, na yi sallama dama, wajen yin ta hagu idona ya zarce taga yana neman mashin. Allah ya yafe mana.)

Abu ɗaya ne ya hana ni sakat. Duk mashin ɗin da na duba a tashar 'yan acaɓa, wuyan salansarsa, wato daidai inda ta fito daga inji, ya sauya launi. Wata ta yi ruwan ɗorawa, wata ta yi shuɗi, wata kuwa ta haɗa shuɗi da makuba kamar wuyan tantabara. Masu su ko a jikinsu. Ni kuwa in na tuna tawa ma haka za ta koma sai in ji abinci ya fita a raina.

Na kai kukana majalisa. Sale, wani ɗan acaɓa da ba a taɓa yi masa tambaya ya ce bai sani ba, ya kurɓi shayi ya ce, "Zafi ne, mai agogo. Ƙarfe ma fata gare shi. In ya sha zafi babu mai, dole ya ƙone. Ni da na sani tun tawa tana sabuwa da na riƙa shafe ta da mai."

(A lura, Sale bai ce ya gwada ba. Cewa ya yi da ya sani. Amma a lokacin kunnena kalmar "mai" kawai ya ɗauka.)

Na dawo gida ina lissafi. Baƙin mai na inji ƙazanta ne, ba zan shafa wa salansata ba. Man gyaɗa yana danƙo. Sai idona ya faɗa kan kwalbar man shanun Inna, mahaifiyata, wanda 'yan'uwanta suke aiko mata daga rugarsu ta wajen Gadau. Da shi take gyara fason ƙafarta a tsakiyar rani, kuma na ga aikinsa da idona. Na ce abin da ya iya da diddigen Inna, ƙarfe ba zai gagare shi ba. Na fara lakata kaɗan ina shafawa da safe, in goge da yamma. Tsakanin gidanmu da kasuwa ba nisa, kafin salansa ta yi wani zafin kirki na isa. Saboda haka ba ta sauya ba, ni kuma na ɗauka na gano sirrin da ya gagari masu ƙera mashin. Har na fara tausayin 'yan acaɓa.

Ana cikin haka auren Lamara ya taso. Lamara abokina ne tun muna yara, kuma ni ne babban aboki. Yarinyar 'yar Chinade ce, a ƙofar gidansu za a ɗaura, ranar Asabar da hantsi. Mahaifin Lamara ya daɗe da rasuwa, wanda ya rage masa shi ne ƙanin mahaifin, wanda duk muke kira Baffa. Mahaifin yarinyar kuwa ya faɗa da babbar murya cewa shi Baffa ya sani, don Baffa ya ba da 'yarsa, kuma ba zai damƙa aurenta a hannun kowa ba sai shi. In babu Baffa a kan tabarma, babu aure.

To Baffa kuma sai a hankali. Tsohon malamin dabbobi ne da ya yi ritaya, gajere, mai tsafta har ta yi yawa, ba ya sa kaya sai farare. Zuciyarsa a kusa take. An ce ya taɓa barin wurin suna tun ba a raɗa ba, saboda wani ya taka masa takalmi bai ce yi haƙuri ba. Sannan ba ya shiga mota, jiri take sa shi. Duk inda za shi sai a mashin, kuma ba mashin ɗin kowa ba.

Ana gobe ɗaurin aure Lamara ya zo shagona, ya kama hannuna biyu. "Don girman Allah abu ɗaya na roƙe ka," in ji shi. "Naka ne sabo, shi Baffa ya yarda ya hau. Ka kawo mini shi lafiya, kuma ka kawo shi da fara'arsa. In ransa ya ɓaci wallahi juyawa zai yi, ka san shi."

Na ce, "Haba ango, kwantar da hankalinka. Ko ƙura ba za ta taɓa shi ba."

Wani abin kuma, tela ya yi mini irin tasu ta bayan sallah. Ya gama babbar riga da wando, shadda ruwan sararin samaniya, amma 'yar ciki ko yankawa bai yi ba. Da safiyar Asabar na laluba kayana, duk na kirki suna wurin wanki. Abin da na samu shi ne wata riga mai gajeren hannu da maƙwabcin shagona, mai sayar da maganin dabbobi, ya ba ni kyauta. Ruwan ganye ce shar, a ƙirji an zana wata ƙatuwar saniya tana murmushi, a ƙasa an rubuta tallar maganin tsutsar ciki. Na zura ta, na ɗora babbar riga, na ja wuyan sama. Na ce wa zai gani?

Daga nan na juya kan salansa. Tafiya ce mai ɗan nisa, ga zafin bazara, saboda haka na ce yau shafawar yau da kullum ba za ta wadatar ba. Na kwaso man shanu da cokali na lafta mata tun daga wuya har wutsiya. Sai na ga zai narke ya zube a hanya, ƙura kuma ta manne. Na samo tsohon zanen Inna na yage shi tsiri-tsiri, na naɗe salansar tsaf, na ɗaure da robar tsohuwar taya. Shirina shi ne in mun kusa Chinade in tsaya, in warware, in goge, mu shiga gari tana ɗaukar ido. Na ja da baya na kalli aikina, har na ji ina sha'awar kaina.

Baffa ya fito cikin farar babbar riga da ta sha bugu, rawani fari, takalmi fari. Ta hagu ya hau, ya tattara rigarsa, bai ga abin da ke dama ba. Ya ce, "Ina azumin sitta shawwal, yaro. Kada ka jijjiga ni."

"In sha Allahu, Baffa."

Kafin mu bar Azare rana ta ɗaga, domin Baffa ba ya wuce wanda ya sani bai sa an tsaya ba, kuma rabin garin ya sani. Wayata tana ta ruri a aljihu, na san Lamara ne. Da muka hau hanya sai na ɗan ƙara wuta.

Mun wuce ƙauyen farko ke nan Baffa ya ja hanci. "Kai, mutanen nan. Da hantsin nan har an ɗora suya? Ba su san wasu na azumi ba?"

Na yi dariya na ce ai mutanen ƙauye da wuri suke girki. Wallahi a lokacin ban kawo komai a raina ba. Ni iska tana dukan fuskata, ƙamshin baya yake tafiya, wurin Baffa.

A ƙauye na gaba ya ce, "Ikon Allah. Nan ma? Kuma man shanu ne, mai kyau, ba gauraye."

A nan na fara zargin wani abu. Na saci kallon ƙasa ta dama, na ga wani siririn hayaƙi yana bin bayanmu. Na ce a raina ai man ne yake shiga jikin ƙarfe, aikinsa yake yi. Mutum in ya so ya yaudari kansa ba ya rasa hujja.

Muka shiga fili, ba gida ba bukka, sai gonaki da suka bushe da itatuwa jefi-jefi. Baffa ya taɓa kafaɗata. "Yaro, a nan kuma wa ke suya?"

"Wataƙila ruga ce a bayan itatuwan can, Baffa."

"Ni za ka gaya wa ruga? Babu garken da ban yi wa allura ba a dajin nan. Ba kowa a wurin." Can ya ce, "Ko dai azumin ne yake mini gizo." Na ji yana istigfari a hankali, ni kuma na ƙara wuta.

Masu mashin da suke wuce mu suna ta danna oda suna nuna mu da hannu. Na ɗauka sabon mashin suke taya ni murna. Har ɗaga musu hannu nake yi ina cewa na gode. Wani ma ya juyo yana ɗaga murya, iska ta kwashe maganar, na ce masa, "Amin, amin!"

Da muka hango Chinade na tuna da shirina na tsayawa. Amma waya ba ta daina ruri ba, kuma in na tsaya dole Baffa ya sauka ya ga abin da na naɗa. Na ce bari in sauke shi tukuna, in zagaya bayan gida in warware a ɓoye.

Ƙofar gidan ta cika maƙil. An shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin rumfa, liman yana zaune, dattawa sun jeru, abokanmu na Azare suna gefe, Lamara yana tsaye yana leƙen hanya. Mai hankali da sai ya tsaya daga nesa. Ni kuwa na kutsa har bakin tabarma, na taka birki, sannan (wannan ne abin da har yau in na tuna nake rufe fuska) na murɗa totur sau biyu don a san mun iso.

Ashe duk tsawon hanya iska ce take danne abin. Muna tsayawa zanen Inna ya ce bismillah. Sai ji na yi wani ya ƙwala ihu, "Wuta! Wuta a rigar Alhaji!"

Ban san lokacin da aka sure Baffa daga kan mashin ba. Masu buta suka yi ta watsa ruwa, wani ya kwaso ƙasa da hannu biyu ya watsa, wani ya cire hula yana dukan gefen rigar. Sai ga wani bawan Allah, mai son taimako fiye da kowa, ya rarumo bokitin zoɓon da aka tanadar wa baƙi ya juye shi kaf, rabi a kan salansa, rabi a kan Baffa. Salansa ta yi wata irin ƙara, tururi ya tashi, ƙamshin man shanu da zoɓo da ƙonanniyar roba ya cika wurin.

Wuta ta mutu. Alhamdu lillahi ko ƙwarzane Baffa bai yi ba. Amma farar rigar nan, gefenta na dama ya cinye har gwiwa, sauran kuma ta yi jajir, ga ƙasa ta manne. Kowa ya zuba masa ido. Baffa ya dubi rigarsa. Ya dubi salansa da guntayen zane suke rataye a jikinta. Ya sunkuya ya shinshina.

"Man shanu?"

Na ce, "Man shanu, Baffa."

"Wato tun daga Azare ni ake soyawa, ina ta zagin mutanen ƙauye."

Ba wanda ya yi dariya, domin fuskarsa ba ta dariya ba ce. Ya gyara rawani ya ce, "Ba zan zauna gaban mutane haka ba. A samo mini wani mashin a mai da ni gida."

Mahaifin amarya ya taso yana ba da haƙuri, ya ce a shiga gida a ɗauko wa Alhaji riga. Baffa ya ɗaga hannu. "Ban zo karɓar aure in fara da aron riga a gidan surukai ba." Ya juya ya fara tafiya.

Na dubi Lamara. Da ya zage ni ma da ya fi mini sauƙi. Idonsa ne ya kawo ruwa, yana kallon bayan Baffa. Na san irin daɗewar da ya yi yana jiran wannan rana, na san ba shi da wani uban da zai kira. Tsoro ya kama ni sosai, irin wanda ban taɓa ji ba.

Na sha gaban Baffa na durƙusa. "Baffa, tawa ba ta surukai ba ce. Ta ɗanka ce. Sabuwa ce, yau na fara sa ta." Kafin ya buɗe baki na kama wuyan babbar rigata na zare ta ta ka, na miƙa masa da hannu biyu.

Sai da iska ta taɓa damatsana na tuna abin da ke ƙasa.

Ga ni durƙushe a gaban liman da dattawan Chinade da duk abokanmu, da hula zanna da wandon shadda, a ƙirjina ƙatuwar saniya tana wa jama'a murmushi. Na ji wani ya fara tari irin na mai danne dariya. Baffa ya sunkuyo, ya ƙanƙance ido, ya karanta tallar maganin tsutsa tun daga farko har ƙarshe, a natse, kamar takardar gwamnati. Sannan ya nuna saniyar da ɗan yatsa.

"Ita ce ta ba ka man?"

Wurin ya fashe. Liman ya sa gefen rawani ya rufe baki, kafaɗunsa suna rawa. Wanda ya juye zoɓo ya zauna a ƙasa daɓas yana riƙe ciki. Baffa ya yi ta maza na ɗan lokaci, sai gemunsa ya fara motsi, daga nan ya saki dariya har da hawaye, yana cewa, "Kai, Allah ya shirye ka. Kawo rigar."

Aka zagaya da shi zaure ya sauya. Ni dogo ne, shi gajere, saboda haka rigar har tana sharar ƙasa, amma ya tattare ta ya zauna a gaban liman da cikakken kwarjininsa. Ya nemi aure, aka ba shi, ya karɓa, aka shafa fatiha. Lokacin da sanƙira ya ɗaga murya ya ce aure ya ɗauru, wani daɗi ya rufe ni har na manta da abin da ke jikina. Lamara ya rungume ni yana dariya yana share ido, ya ce, "Wallahi kai mahaukaci ne." Na ce na yarda.

Kunyar ba ta ƙare a nan ba, domin babban aboki shi ke rabon goro da alewa. Haka na bi tabarma-tabarma da faranti, duk wanda na miƙa wa sai ya gaida ni ya gaida saniya. Wani dattijo ma ya riƙe ni da gaske yana tambaya ko maganin yana yi wa tumaki. Masu ɗaukar hoto kuma ba su raga mini ba. Duk hoton ɗaurin auren Lamara da ka gani, ina ciki, kore shar a tsakiyar manyan riguna.

Da za a koma na ɗauka Baffa ba zai ƙara kusantar mashin ɗina ba. Sai ya ce a kankare masa ƙonannen zanen, shi da wanda ya kawo shi zai koma. Da aka kankare na ga abin da na yi. Salansar da nake tsoron wuyanta ya yi shuɗi, yanzu shuɗin ya kai har tsakiya, ga baƙin tabon roba, ga wani ja-ja da nake zaton na zoɓo ne. Na tsaya ina kallonta kamar in yi kuka.

A hanya Baffa ya yi ta magana a bayana, cikin raha, kai ka ce ba shi aka soya ba. Ashe shekara da shekaru ya yi yana yawon rugage a mashin ɗin aiki. Ya ce sabon mashin lallaɓa shi ake yi, ba a ba shi wuta sosai, ba a barinsa tsaye yana aiki, ba a murɗa totur don burga. Ya ce kafin a tayar a share salansa da busasshen tsumma, domin duk wani maiƙo, har na tafin hannu, shi ne yake toyewa ya bar tabo. In kuma ta yi saurin sauya launi, a kai wa bakanike ya daidaita shan mai da iska. "Ko ka yi duk wannan," in ji shi, "wata rana sai ta ɗan sauya. Wuta take ɗauka, yaro, ba madubi ba ce."

Ban sauya salansar ba, tana nan da tabonta. Abin da na koya bai da yawa: man shanu na tuwo ne, salansa kuwa tsumma take so da haƙuri. Na kuma gane kunya ba ta kisa, domin na sha ta har na ƙoshi a gaban mutanen Chinade, na dawo gida da ƙafafuna, abokina kuma ya kwana da aure a kansa. Babbar rigata dai tana wurin Baffa, ya sa an rage mata tsawo. Na taɓa yin ƙarfin hali na tambaye shi ita, ya dube ni sama da ƙasa ya ce tasa da aka soya ba ta dawo ba, wannan ma ba za ta dawo ba.